Tsofaffin da Gwaggo Ta Jera a Layin Allura

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Gwaggo ta riga mu tafiya ranar Larabar da ta wuce, bayan la'asar, a ɗakinta na Tozai, a kan tabarmar da ta ƙi yarda a sauya mata da katifa har ƙarshen ranta. Yayar mahaifin mijina ce. Ita ce kuma ungozomar garinmu, kuma ban taɓa jin babba ko yaro ya kira ta da wani suna ban da Gwaggo ba.

Kwana uku gidan bai yanke da mutane ba. An zo daga Isa, an zo daga Sabon Birni, har daga tsallaken iyaka. Wani ɗan kasuwa mai kai kaya Nijar ya bar motarsa a hanya ya hau babur ya zo, ya zauna a ƙofar gida yana ta maimaita wa maza cewa ita ta yanke masa cibiya, ta yanke wa 'ya'yansa shida, yanzu ina zai sa kansa. Liman ya ce ya yi haƙuri, ai shi tasa an gama yankewa tuni. A cikin gida kuwa, rana ta biyu, wata sa'ata da aka kawo mu garin aure shekara ɗaya ta shigo ta yi gaisuwa. Da za ta zauna sai ta dafe damtsenta na hagu, ta ranƙwafa, ta yi wani dogon nishi. Mu tsararrakinta muka fashe da dariya a tsakiyar zaman makoki, dariyar kuma ta juye kuka. 'Yan matan da ke raba ruwa suka tsaya suna kallonmu, sun ɗauka tsufa ne ya fara taɓa mu. Ba su san abin da dafe damtsen yake nufi ba, mu da muka sani kuma ba mu da yawa yanzu. Shi ya sa na ɗauki biro, ni da ɗan rubutuna na yaƙi da jahilci, don kada a binne labarin tare da ita.

Ba za ni yi mata ƙarya don ta mutu ba: Gwaggo ba ta da daɗin baki. Doguwa ce siririya, kullum da goro a kunci. In ta shiga ɗakin mai naƙuda, abin da take fara yi shi ne korar 'yan kallo, ko da uwar miji ce. In mai haihuwa ta cika kuka, sai ta ce mata, "Aje numfashin ga, za ki buƙace shi an jima." Amma tana da wani ido da har yau nake jin tsoronsa. Za ta kalli yadda yarinya take sauke tulu daga kanta, ta san tana da ciki tun ita kanta yarinyar tana shakka. Ba ta taɓa faɗa. Iyakarta ta ce, "Rage cika tulun ga," ta wuce abinta. Tana da wata 'yar wuƙa a kube na fata, gadon uwarta, da ita take yanke cibiya, kuma ba mai taɓa ta.

An kawo ni gidan daga wani ƙauye na wajen Sabon Birni a shekarun farin nan, damina ta biyu ke nan gero bai kai gwiwa ba. Rumbuna suka zama wofi. Muka koma cin anza, 'ya'yan icen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu, ga shi ruwan ma sai an yi sammako. Iyayena suka rufe ƙofarsu da ƙaya suka yi kudu neman abinci. A cikin wannan hali Gwaggo ta gamu da ni a bakin rijiya, ta dube ni sau ɗaya, ta ce in rage cika tulu.

A wurinmu cikin fari ba a faɗarsa. Ba ki gaya wa uwar miji, ba ki gaya wa miji, balle mahaifinsa. Kowa yana gani, kowa yana kau da kai. Ɗan fari ma in ya zo, ba ki kiran sunansa, ba ki ɗaukarsa a gaban surukai kamar kin damu da shi. Wannan ita ce kunya, da ita aka raine mu, kuma a lokacin na fi tsoron karya ta a kan tsoron yunwa.

Akwai kuma wani abin tsoro na uku. Jariri zai faɗo lafiya lau, ya kama nono kwana uku, huɗu. Sai a wayi gari baki ya kulle, jiki ya sandare, ya riƙa zabura. Wani kafin suna, wani 'yan kwanaki bayan suna, shi ke nan. Mun saba da shi har wasu gidajen ba sa neman abin yanka sai sun ga kwana na shida ya wuce.

A shekarar ne wata malamar asibiti, ungozoma ce ita ma amma ta boko, ta fara zuwa daga Isa sau ɗaya a wata da akwatin ƙanƙara. Ta kafa teburinta a gindin icen ƙofar mai gari, daidai inda dattawa suke zama, aka sa mai shela ya zaga gari yana cewa mata masu ciki su fito a yi musu allura. Ta zauna daga hantsi har azahar, ko mace ɗaya ba ta fito ba. Wata na biyu ma haka. Malamar ta ɗauka jahilci ne da tsoron allura, ta je har gida ta sami Gwaggo don ta taimaka mata. Ina nan ina surfa mata anza, na ji komai da kunnena.

Malama ta yi bayani. Ta ce ciwon nan mai kulle bakin jarirai ta cibiya yake shiga, ta abin da aka yanke ta da shi, ko abin da aka shafa mata. Ta ce in uwa ta karɓi allura biyu tana da ciki, wata ɗaya tsakaninsu, jaririn zai zo da kariyarsa. Gwaggo ta daina tauna goro.

"Wuƙata kike nuhi?"

"Gwaggo, ba ke ba, ƙwayar cutar ce ido ba ya ganinta."

"Da wuƙag ga anka yanke ma ubanki cibi, in ɗan ƙasag ga na. Tashi ki ba ni wuri."

Malama ta fita idonta ya cika da hawaye. Ni kuwa na ji daɗi a raina, don na ɗauka an rabu da maganar allura.

Bayan kwana tara jaririn maƙwabtanmu ya sandare. Gwaggo ce ta karɓi haihuwarsa, ita ce kuma ta yi masa wanka aka kai shi. Da ta dawo ta zauna a ƙofar ɗakinta da kuben a cinya, tana juya shi har yamma. Washegari ranar kasuwar Isa ce. Ta hau motar 'yan kasuwa, ita da ba ta son mota, ta je ta nemo Malama. Daga baya Malama ta ba mu labari cewa Gwaggo ta durƙusa a gabanta, matar da a shekaru ta isa ta haife ta, ta ce, "Sake hwaɗa mani, sannu sannu, rannan fushi ya toshe mani kunne." Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "To ni na ji nawa laihi. Ke ma ji naki. Kin sa an yi shela masu ciki su hito. Wace ɗiyar mutunci za ta tsaya gaban surukinta ƙohwar mai gari ta ce ga abin da ag gare ta?"

Ban taɓa ganin babba ya karɓi magana mai nauyi irin wannan ba. Shekara talatin tana aiki da wuƙar uwarta, aka ce mata ta yiwu ta nan mutuwa take bi, kuma ta yarda ta duba. Daga ranar ba mu sake ganin kuben ba. Reza sabuwa take amfani da ita, a tafasa ta a gabanta.

Da wata ya zagayo, Gwaggo ta bi gida gida da kanta. Ba ta ce masu ciki ba. Ta ce duk macen da ta taɓa ɗaura zane a garin nan, amarya da kaka, tana nemanta a gidanta da hantsi, wadda ba ta zo ba kuma kada ta aiko mata ranar naƙudar 'yarta. Aka cika tsakar gida. Malama tana cikin ɗaki, an saki asabari. Gwaggo ta kafa doka: ɗaya bayan ɗaya za a shiga, kuma kowa za ta fito da auduga dafe a damtsen hagu, an yi mata allura ko ba a yi ba. Wadda ta tambayi 'yar'uwarta abin da ya faru a ciki, ita da Gwaggo ne.

Tsofaffi suka fi kowa iya aikin. Uwar mai gari, wadda rabonta da haihuwa an fi shekara ashirin, ta fito tana dafe da hannu tana nishi, tana cewa yarinyar nan ta Isa hannunta da nauyi. Wata makauniyar tsohuwa ta dafe hannun dama, aka gyara mata. Garin da aka yi watanni ba a ji dariya ba, ranar har maza suna leƙowa ta kan danga.

Da layi ya zo kaina na shiga ɗakin. Malama ta tambaye ni ko ina ganin al'adata. Na sunkuyar da kai. Tsorona ba na kunya kaɗai ba ne. Ana ta raɗe-raɗin cewa allura a kan yunwa tana zubar da ciki, uwata kuma ta taɓa gargaɗina kada in bari ƙarfe ya shiga jikina ina da juna biyu. Ga uwata ba ta nan balle in tambaye ta.

Gwaggo ta ce wa Malama ta faɗa mini gaskiyar abin da zan ji. Malama ta ce hannu zai yi tsami kwana biyu, wata har ɗan zazzaɓi, amma ba ya taɓa ciki. Sai Gwaggo ta miƙo mini auduga.

"Kin ji. Ni ba ni ce maki ki yi. Jikinki na. In ba ki so, riƙe wagga ki hita, ba mai sani, ni kuma ba ni hwaɗi."

Na ce, "Gwaggo, da ke ta fa?"

Ta ce, "Biyu cikin ɗiyana haka sunka tahi, baki kulle. Da ni ta, hannu biyu za ni miƙawa."

Na miƙa hannuna. Na san akwai waɗanda suka karɓi audugar kawai suka fita, don wata ta gaya mini da bakinta bayan shekaru. Gwaggo ba ta taɓa nuna musu a fuska ba, kuma ta karɓi haihuwarsu kamar kowa.

Saura allura ta biyu, sai bayan wata ɗaya. Ba a yi kwana goma ba mahaifin mijina ya tara gida ya ce ba sauran abin ci, jibi kowa zai ɗaure kayansa a yi kudu. Na shiga ɗaki na rasa abin yi. In na bi su, ba allura ta biyu, Malama kuma ta ce ɗaya ba ta isa. In na ce zan tsaya, sai na faɗi dalili, dalilin kuma ba ya faɗuwa a gaban suruki.

Da la'asar sai ga Gwaggo ta shigo tana ɗingishi, matar da na ga ta ɗauko itace da safe lafiyarta lau. Ta tsaya a kan ƙanenta.

"Za ku tahi ku bar ni da ƙahwa guda? A bar mani amaryag ga ta ɗebo mani ruwa."

Ya ce, "Yaya, mi za ki ba ta ta ci? Ke ma ki taho mu tahi."

"In tahi, wa za shi amshi haihuwar waɗanda sunka rage? Ni na goye ka, har hitsari ka yi mani a baya. Yau yarinya guda nika roƙo kana yi mani lissahi?"

Suka yi ta yi har maƙwabta suka taru. Ya ce taurin kanta ne zai kashe ta, ta ce ai taurin kan nan ne ya raine shi. A ƙarshe ya kaɗa riga ya ce a bar mata. Yanzu da na tsufa na tabbata ya san dalilin sarai, ita ma ta san ya sani. Sun yi faɗan ne don kada ni in buɗe baki.

Amma da ta ja ni gefe, ɗingishin ya tafi, muryar ma ta sauya. "Na buɗe maki ƙohwa, ban tura ki ba. Can akwai abinci da mijinki. Nan anza ta da ni. In kin hi son tahiya, gobe ƙahwata ta warke." Na kwana ina juyi. Da safe na ɗauki ƙunshin kayana na kai ɗakinta.

Tana da ɗan gero a wata tukunya da ta binne a ƙuryar ɗaki. Kullum za ta dama mini kunu, in na ce ta sha, sai ta ce ta riga ta sha a gidan wance. Na yarda, don yunwa tana sa mutum ya yarda da abin da ya fi masa sauƙi. Sai ranar da na dawo daga rijiya da wuri na same ta a bayan ɗaki tana cin anzar da ba ta gama jiƙuwa ba, tana yamutsa fuska. Ta ɗago ta ce, "Mi kike kallo? Tahi ki aje tulu." Wannan abu har yau yana ci mini rai, kuma ban taɓa iya yi mata godiyarsa ba, don ba ta ba da fuska.

Ranar allura ta biyu rabin gari ya watse. Masu ciki mu uku muka rage, kuma a lokacin ko makaho ya san halin da muke ciki. Na ce a raina yau ba sauran ɓoyo. Sai ga tsofaffin nan suna fitowa, waɗanda ƙarfinsu bai kai na tafiya kudu ba, wata da sanda, wata ana riƙe da ita. Sun fi ashirin. Malama ta makara, ba ta iso ba sai bayan azahar a bayan babur. Suka zauna a rana cikinsu ba komai, ba wadda ta tashi. Suka shiga ɗaya bayan ɗaya, suka fito da audugarsu. Nishin ranar kam ba na wasa ba ne, amma sun yi mana shi.

Uwar mijina ta dawo da ɗan masara ana saura mako in haihu. Na haifi mace, da rana tsaka, Gwaggo ta yanke cibiya da sabuwar reza ta hana a shafa komai. Daga nan kowace safiya, kafin rana ta yi zafi, sai ta zo ta wanke hannu, ta sa ɗan yatsanta a bakin jaririyar ta ji ko tana tsotsa da ƙarfi. Sannan sai ta tashi ta tafi. Ni kuma ina kwance na juya fuska bango yadda ya kamaci mai ɗan fari, ina sauraren ƙarar tsotson da dukan jikina. Ba ni da ikon tambaya ko lafiya.

Aka yi suna da wata ramammiyar akuya. Gwaggo ta ci gaba da zuwa, kwana takwas, goma, sha biyar, ashirin. Na saba, har na fara ganin cewa zuwan nata ne yake riƙe da ran yarinyar.

Sai wata safiya ba ta zo ba. Hantsi ya yi, ba ta zo ba. Na duba jaririyar, tana barci, bakinta a rufe, na kasa gane ko barci ne ko abin nan ne ya fara. Uwar mijina tana tsakar gida da baƙi biyu. Ban san lokacin da na sunkuci 'yata na rungume ta a ƙirji na fito ba, a gabansu, ina jego, ko mayafi ban ɗauka ba. Na ji salatin uwar mijina a bayana, ban juya ba. Na ratsa gari ina kuka, mutane suna kallona.

Na sami Gwaggo a zaune a ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafafu tana gyaran zare. Na durƙusa na miƙa mata yarinyar, na ce, "Gwaggo, ba ki zo ba. Diba mani ita."

Ba ta karɓe ta ba. Ta dube ni daga sama har ƙasa, kai ba ɗankwali, ta ce, "Ina kunyar taki?" Sannan ta ce, "Zauna ki ba ta nono." Na zauna a ƙasa na ba ta. Ta farka ta kama da ƙarfi har na ji zafi. Muka kasa kunne mu biyu muna sauraro.

"Kin ji?" in ji Gwaggo. "In zo in yi mi? Ɗiyarki ta wuce wurin. Taki ta yanzu."

Ta cire mayafinta ta yafa mini, ta ce in koma gida tun ba a ce ita ta lalata ni ba.

Allah, Kai ka san abin da ta ci a bayan ɗaki don mu rayu. Ka ciyar da ita da abin da ya fi shi, Ka yalwata mata makwanci, Ka rufa mata asiri yadda ta rufa mana.